Zabin da Khaulat Ta Mayar

Sabon Gari, Wudil,
Alhamis, 15 ga Mayu.

Zuwa ga Yayana Isyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi da yara da duk wanda kake riƙe da shi a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, ya sa wa nema albarka. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya ƙi sauka. Sau biyu hadari yana haɗuwa ta gabas a makon nan, ya watse bai ba mu ko ɗigo ba. Inna tana samun sauƙi, ƙafar ce dai take kumbura idan ta daɗe a zaune, kuma har yanzu ba ta shan maganin asibiti sai an ce mata kai ka aiko shi. 'Yata Radiyya ta shiga jarrabawar ƙarshe, a sa ta a addu'a. Babanta yana gaishe ka, ya ce har yau yana jiran busasshen kifin da ka yi masa alkawari tun bara.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, tun muna yara haka kake, ni kuma yanzu ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Takarda kuwa dole ka karanta ta har ƙasa kafin ka yi mini faɗa. Ya'u direban motar shanu zai taho maka da ita gobe idan an tashi daga Kara, kasuwar shanu.

Maganar 'yarka Khaulat ce. Ran da muka yi waya ka ce ka ba ni yarinya da kumatunta na mayar da ita kamar wadda ta tashi daga jinya, kuma ka samo mata aiki a sashen shari'a na wani kamfani, da mota da albashin da ya ninka alawus ɗinmu ban san sau nawa ba. Ta amsa maka za ta zo. Gobe Juma'a ce ranarta ta ƙarshe a ofishinmu, jibi za ta wuce Kano wajen ƙanwar mamanta, daga can ta kamo hanya. Ban ja da kai ba, don kai ne uba. Amma na san ba za ta gaya maka abin da ya rame ta ba, kai kuma za ka ɗauka rashin kuɗi ne ko wahalar ƙauye. Ba su ba ne, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa nake so ka ji daga bakina.

Ka san ofishin namu, ɗaki biyu ne da baranda da dogon benci, inda muke tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Shekarata goma sha uku a kan kujerar nan. Ƙungiyar da ke riƙe da mu tana turo mana sabbin lauyoyi su yi shekara biyu suna koyon aiki a hannuna da hannun Barista Yohanna, abokin aikina da ke zuwa daga jami'a sau biyu a mako. Abin da suka karanto a makaranta bai kai rabin aikin ba. Ran Litinin nakan zama alƙali, in sa su tsaya su kare ƙara a gabana, in yi ta katse su har su daina rawar murya. Ran Laraba muna zagaya waɗanda ke tsare. Kuma duk wanda ya zo sabo, sharaɗina na farko shi ne ya ajiye biro ya saurari mai ƙorafi na minti goma sha biyar kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, saboda mutanenmu sai sun gama zancen kakansu da rijiyar gidansu suke isowa kan abin da ya kawo su. Na yaye lauyoyi goma sha huɗu. Goma sha ɗaya suna Abuja da Ikko da bankuna, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Amma a cikin goma sha huɗun nan babu wanda ya kama aikin da wuri kamar Khaulat, kuma ba don ina gwaggonta na faɗa ba, ka san ni ba na yabon na gida.

Akwai wata doka da na kafa da kaina, na sa aka rubuta ta da jan fenti a bangon baranda: ba a biyan komai a nan, ba a kuma karɓar kyauta. Na kafa ta ne a shekarata ta biyu, bayan na kama wani da muke koya wa aiki yana karɓar na goro a hannun talakawa a bayan idona. Tun daga ranar ko gyaɗa aka kawo sai na sa an mayar. Duk wanda ya zo koyo sai na tsayar da shi a gaban bangon nan ya karanta da ƙarfi. Yohanna ya sha gaya mini dokar ta yi tsauri, ya ce a garinsu idan tsoho ya kawo maka kaza ka mayar masa, ka gama da shi ke nan, gara a karɓa a dafa kowa ya ci a gabansa. Nakan ce masa ya bar ni da mutanena, na fi shi sanin su.

To, a watan Janairu wani dattijo ya zo daga Achika, Malam Haladu, mutum mai kusan shekara saba'in. Ya yi jinyar shekara uku, sai ya ba ɗan wansa Tasi'u aron gonarsa don kada ta zauna saura. Da ya warke ya nemi abarsa, Tasi'u ya ce gadon ubansa ce, har ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya haɗe ta da tasa. Gonar nan ita kaɗai ce abin da dattijon yake ci da iyalinsa. Na ba Khaulat ƙarar, ita ce ta farko da na sakar mata ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Yaya, da ka ga yadda ta riƙe ta. Sau huɗu tana hawa babur zuwa Achika, ta auna gonar da ƙafarta, ta nemo tsofaffi biyu da suka san iyakar tun zamanin uban Malam Haladu, ta shawo kansu suka yarda za su ba da shaida. A zama na farko a kotu ta yi magana tsaf, har na ji wani tsohon lauya yana tambayar 'yar gidan wa ce.

Ran Juma'ar da ta biyo baya, ranar kasuwa, baranda cike da mutane, sai ga Malam Haladu da zabi biyu ɗaure a bayan kekensa. Ya kwance su ya ajiye a gaban Khaulat, ya ce na 'yarsa lauya ne, ta sha romo. Ina ciki ina kallo ta taga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi godiya, sannan ta nuna masa bango ta karanta masa abin da ke rubuce, tunda shi ba ya karatun boko. Ya sake turo su, ta sake mayarwa. Da ya matsa a karo na uku sai ta ɗauke su da hannunta ta ɗaure masa a keke, mutane suna kallo, wani ma ya yi dariya. Ya yi sallama ya tafi. Ni kuwa da ta shigo har yaba mata na yi, na ce haka nake so.

Ranar da za a ji shaidu bai zo ba, shaidun ma ba su zo ba. Khaulat ta roƙi kotu aka ɗaga. Ta kira wayar maƙwabcinsa, aka ce yana lafiya, ya ji saƙo. Zama na gaba ma shiru. Ta je Achika, aka ce ya tafi ta'aziyya. A karo na uku alƙali ya duba benci ya ga babu mai ƙara, ya kori ƙarar, kuma da gaskiyarsa, babu abin da za a ce masa. Tasi'u ya fara kai taki gonar a makon. Daga ranar Khaulat ta daina cin abincin kirki. Takan zauna da fayil ɗin a gabanta tana bin sa shafi shafi tana neman inda ta yi kuskure, ni ma na bi shi sau biyu ban ga komai ba.

Doka ta ba da dama a roƙi a dawo da ƙarar da aka kora, amma sai mai ƙarar ya dangwala yatsa a takardar rantsuwa ya faɗi dalilin rashin zuwansa. Don haka na ajiye komai muka tafi Achika tare. Ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, muka yi gaisuwa har ta ƙare muka sake sabuwa. Duk lokacin da na kawo zancen gona sai ya ce komai na Allah ne, ya koma zancen tsadar taki. Khaulat ta gaji da zama ta shiga cikin gida gaida matarsa Ikilima, ta tarar tana tuƙa tuwo, ta zauna a ƙasa kusa da murhu tana tura mata kara. Ta fi awa ɗaya a ciki. A nan Ikilima ta fayyace mata komai. Ta ce ran da Malam ya dawo da zabin nan bai ci abinci ba. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa lauyar ta ƙi karɓar abin hannunsa, kuma a wajensu wanda ya ƙi cin naka, to ya riga ya ci na abokin faɗanka. Mutanen Tasi'u suka ƙara gishiri, suka ce ai an ga motarsa a Sabon Gari. Shaidun nan biyu suka ce ba za su je su tsaya a inda aka gama sayar da magana ba. Shi kuma Malam ya ce ko ba a saye ta ba, yarinyar da ta ɗaure masa kayansa a keke a gaban jama'a ta nuna masa matsayinsa, gara ya rasa gonar da ya koma.

Khaulat ta fito idonta jawur ta raɗa mini. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A Wudil aka haife ni, na ga yadda Inna take karɓar ƙwai biyu daga hannun matar da ta fi ta talauci, ta yi ta godiya kamar an ba ta saniya, sannan ta aika mata da abin da ya fi shi daga baya. Na san wannan tun ban iya ɗaura zane ba. Amma na je makaranta na dawo na rubuta kishiyarsa a bango, na kuma sa 'yarka ta haddace. Sai na gyara zama na ce wa Malam Haladu na zo karɓar zabina, yarinya ba ta da laifi, umarnina ta bi, ni ce marar tarbiyyar. Ya ce an sayar da su tuni. Ikilima ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci a kwano ɗaya har muka suɗe, Khaulat ta kwashe kwanukan ta wanke duk da ana hana ta. Da za mu tafi ya ce zai yi tunani.

Ya zo ran Juma'ar da ta wuce. Ya dangwala yatsa, ya ce shaidunsa ma za su zo, amma da sharaɗi ɗaya: babbar ce za ta tsaya masa, ba ƙaramar ba. Ya ce ya yafe mata har ga Allah, sai dai zuciyarsa ba za ta natsu ba idan ya gan ta a gaban alƙali. Khaulat tana tsaye a wurin da tawadar dangwale a hannunta. Abin da ya kamata in yi a matsayina na mai koyarwa shi ne in ce masa wanda ya fara shi zai ƙarasa, in zauna in lallashe shi ko da zai kai la'asar. Amma na tuna damina ta ƙarato, na ga idan ya sake tashi ba zai dawo ba, kuma gaskiya na gaji. Sai kawai na ce to. Ban ko dube ta ba na ce to.

Ran Talata muka je kotu. Ita ta shirya takardun duka, ta jera mini su da alamar inda zan buɗe, ta zauna a bayana tana miƙo mini abin da nake nema tun kafin in waiwaya. Duk kalmar da na faɗa tata ce. Alƙali ya dawo da ƙarar, ya sa ranar jin shaidu bayan Sallah, ya kuma ce kada kowa ya shuka komai a gonar sai an yanke hukunci. Malam Haladu ya yi ta sa mini albarka a bakin kotu, ita kuwa ya amsa gaisuwarta a taƙaice ya hau kekensa. A hanyar dawowa ta ce mini, cikin ladabi kamar yadda ka san ta, ta kira ka ta amsa maganar aikin. Ta ce ta gane ita ba ta iya mutane ba, takarda ta iya, gara ta je inda takarda ce aikin. Na so in ce ba haka ba ne, amma ni na karɓe mata ƙarar da hannuna.

Na gaji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Idona ya fara ba ni wahala, ƙananan rubutu sai na kai su bakin taga. Kowace shekara sai in ɗauki sabon yaro in koya masa tsayuwa da magana da haƙuri, da ya fara amfani sai ya zo ya yi mini godiya ya tafi, in koma farko. Bencin kuwa ba ya raguwa. Na sa an shafe rubutun bangon, Yohanna da kansa ya kawo farin fenti, kuma ya yi mini kara bai ce ai ya faɗa ba. Yanzu mun ce abin ci idan bai fi ƙarfin mai shi ba a karɓa da hannu biyu, a dafa a ofis a ci da duk wanda ke kan benci, kuɗi ne dai babu. Gyara ne mai sauƙi, ya ɗauke ni shekara goma sha ɗaya da gonar mutum da 'yar yayana kafin in yi shi.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Jiya Laraba Khaulat ta tafi zagayen waɗanda ke tsare don ta miƙa wa Yohanna nata fayilolin, sai wata mata ta zo daga Utai da goyo a bayanta. Mijinta ya rasu bara, 'yan'uwansa sun hana 'ya'yanta rabonsu na gona. Na ce ta shigo ta zauna, ta leƙa ɗakin ta ce ba ni take nema ba, ƙaramar lauya take nema, mai tabarau. Na ce ni ce babbarta, duk abin da za ta yi mata zan yi. Ta ce ta sani, amma yayar mahaifiyarta Ikilima ta Achika ta ja mata kunne kada ta buɗe bakinta ga kowa sai yarinyar, don ita ce mai zama ta ji magana har ƙarshe ba ta duba agogo. Na yi juyin duniya ta ƙi. Ta gyara goyonta ta ce za ta dawo ran Litinin, Allah ya sa ta same ta.

Babu wanda ya ji wannan sai ni. Idan na yi shiru, jibi Khaulat za ta hau mota, ran Litinin in ba matar haƙuri in karɓi ƙararta, kai ka sami 'yarka, ita ta sami hutu da albashi, kuma wallahi ta cancance su. Idan kuwa na gaya mata, na san jinin gidanmu, za ta kwance jakarta, ta koma kan babur da rana da alawus ɗin da ba ya kai ta ƙarshen wata, wataƙila har ta tsufa a kan kujera irin tawa. Tun jiya nake auna abin, kuma ban yarda da kaina ba, don na san ina da buƙata a ciki. Amma na riga na yanke mata hukunci sau biyu ba tare da na tambaye ta ba, na farko a bango, na biyu a gaban Malam Haladu, duka biyun kuma ita ta kwashi wahalar. Ba zan yi na uku ba. Ba daidai ba ne ta bar garin nan tana ganin ba ta iya mutane ba, alhali akwai wadda ta taso tun daga Utai da goyo ta ƙi kowa sai ita. Gobe da safe zan gaya mata yadda aka yi, ba ƙari ba ragi, ba zan roƙe ta ba, ba zan kuma ambaci gajiyata ba. Abin da ta zaɓa shi ke nan.

Ka gaida mini Yaya Rabi da kyau, ka ce mata na ji saƙonta na atamfa, na gode. Ka gaida Jamil da Yahuza, ka ce wa Yahuza ya rage yawon ƙwallo ya kama littafi. Inna ta ce a gaya maka tana son ganin fuskarka da Sallah, ba muryarka ba. Radiyya da babanta suna miƙa gaisuwa. Allah ya tsare mana ku a inda kuke, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kafin Ya'u ya iso da takardar nan na riga na gaya mata. Idan ta zo maka, ka karɓe ta hannu biyu, kada ka ce mata ta ɓata shekarunta a wajena. Idan kuma ka ji shiru ba ta taho ba, kada ka kira ta da faɗa. Ni za ka kira, kuma wannan karon zan yi shiru in saurare ka har ka gama.

Ƙanwarka,
Rahinatu.